Abin da Ake Sawa a Ƙarƙashin Rigar Aiki: Kimiyyar Suturar Ma'aikatan Lafiyar Dabbobi a Illela

Gabatarwa

Garin Illela yana arewacin Jihar Sakkwato, kimanin kilomita 85 daga birnin Sakkwato, kuma yana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Karar Illela tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso yammacin Nijeriya. A ranar kasuwa akan tarar da shanu Bokoloji, da tumaki Uda da Balami, da jajayen awakin Sakkwato, da raƙuma, waɗanda da yawansu daga ƙetaren iyaka aka koro su, kuma daga nan ake lodinsu a manyan motoci zuwa kudancin ƙasa. Matsayin wannan mashigi ya fito fili a watan Disamba na 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta fara buɗe iyakokin da ta rufe tun Agusta 2019: Illela tana cikin huɗun farko, tare da Maigatari da Seme da Mfum.

A tsakiyar wannan hada-hada akwai wasu ma'aikata da kan buɗe bakin saniya, su duba hancin akuya, su ɗebi jini, su yi allurar rigakafi, su taimaki tunkiyar da haihuwa ta gagara. Su ne likitocin dabbobi da malaman dabbobi da jami'an killace dabbobi na kan iyaka. Ana yawan bayani a kan safar hannu da takalmin ruwa da rigar aikinsu, amma da wuya a ji ana maganar singileti ko shimi ko 'yar cikin da ke ƙarƙashin rigar, alhali ita ce ke manne da fata tun safe har yamma, kuma ita ce aka fi komawa gida da ita. Wannan maƙala za ta duba abin da kimiyya ta sani game da wannan tufa, da yadda ya kamata ma'aikaci a wuri irin Illela ya zaɓe ta.

Asalin Rigar Aiki da Iyakacin Amfaninta

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 likitocin tiyata a Turai da Amurka da kayan jikinsu na yau da kullum suke aiki. Bayan da aka gane cewa ƙwayoyin cuta ne ke sa rauni ya ruɓe, sai aka shiga sauya hali. Wajen 1890 William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya shigo da safar hannu ta roba, a 1897 kuma Jan Mikulicz ya soma rufe baki da ƙyalle a ɗakin tiyata. Daga baya aka samar da taguwa mai gajeren hannu da wando, galibi kore ko shuɗi, wadda ma'aikatan asibiti ke kira "sikirob", sunan da ya samo asali daga dirje hannu da ake yi kafin tiyata. Asibitocin dabbobi sun ari wannan sutura daga na mutane.

Wajibi ne a fahimci cewa ita wannan taguwa yadi ce kawai, yawanci gaurayen auduga da foliyesta. Amfaninta shi ne tana da sauƙin wanki, ba ta da maɓallai da aljifai masu yawa da datti zai maƙale, kuma ana tuɓe ta a bar ta a wurin aiki. Ba ta tare ruwa. Da zarar jini ko fitsari ko ruwan haihuwa ya jiƙa ta, danshin yakan ratsa tsakanin zaruruwa ya tafi da ƙwayoyin cuta zuwa ga abin da ke ƙarƙashi. Saboda haka tufar ciki tana da aiki iri biyu: sarrafa zufa da zafin jiki, da kuma zama shinge na ƙarshe tsakanin ƙazantar dabba da fatar mutum. Idan aka yi sakaci, sai ta ɗauki aiki na uku da ba a sa ta ba, wato dakon cuta zuwa gida.

Cututtukan da Tufa ke Iya Ɗauka

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na cututtukan da ke yaɗuwa tsakanin mutane daga dabbobi suka samo asali. Kaɗan daga cikinsu sun shafi yankin Illela kai tsaye.

Na farko shi ne zazzaɓin Kwarin Rift. A 2016 cutar ta ɓarke a jihar Tawa ta Nijar, wato jihar da Birnin Ƙonni take ciki, musamman a yankunan Cintabaraden da Tasara, inda mutane sama da 30 suka rasu, akasarinsu makiyaya. Sauro yana yaɗa ta tsakanin dabbobi, amma mutane sun fi kamuwa ta hanyar taɓa jini da naman dabba marar lafiya, ko ɗan tayin da aka yi ɓarinsa.

Na biyu shi ne burusela, wadda makiyaya ke kira bakkale. David Bruce ne ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta a 1887. Tana sa ɓari ga shanu da awaki, kuma ƙwayoyinta suna cika mabiyiya da ruwan haihuwa. A jikin mutum tana haddasa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufar dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi watanni ana shan maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da sauƙi ba.

Na uku shi ne antaraks, wanda wasu ke kira ciwon saifa. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Nijeriya ta yi gargaɗi bayan ɓullarsa a arewacin Gana, a watan Yuli kuma aka tabbatar da shi a wata gona da ke yankin Suleja ta Jihar Neja. Ƙwayar antaraks tana yi wa kanta ɓawo mai tauri wanda ke sa ta rayu shekaru da dama a cikin ƙasa ko gashi ko fata. Kimanin kashi 95 cikin ɗari na mutanen da ke kamuwa, ta wani ɗan ƙwarzane ko tsagar fata take shigarsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wanda kaska ke yaɗawa, da makero, wanda ƙurar fatar maraƙi mai ɗauke da shi ke iya zama a jikin yadi tsawon watanni. Shaidar cewa tufa kaɗai ta isa ta kai cuta ga wanda bai taɓa dabba ba, ta zo ne daga zazzaɓin Q, cutar da aka fara bayyanawa a 1937 tsakanin ma'aikatan mayanka a Birisben ta Ostireliya. A 1949 aka wallafa rahoton wasu masu wanki a jihar Montana ta Amurka da suka kamu da ita daga wanke tufafin wani ɗakin bincike. Mai karatu zai iya kwatanta wannan da halin matar aure ko yaron da ake miƙa wa kayan maigida ya wanke bayan ranar kasuwa.

Zafin Illela da Aikin Zufa

Da a ce cuta ce kaɗai abin gudu, da sai a ce ma'aikaci ya lulluɓe jikinsa da roba. Abin da ya hana haka shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40 a ma'aunin santigireti. Zafin cikin jikin mutum kuwa digiri 37 ne, na fatarsa kuma bai cika wuce 35 ba. Ƙa'idar kimiyya ita ce zafi yana tafiya daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi. Ke nan idan iska ta fi fata zafi, jiki ba ya iya zubar da zafinsa cikin iska, sai ma ya ƙara ɗiba daga gare ta. Hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ƙafewar zufa.

Kowace lita ɗaya ta zufa da ta ƙafe a kan fata tana tafiya da zafi kimanin kilokalori 580. Mutumin da ke kokawa da bijimi a tsakar rana yana iya fitar da lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda. Amma zufar da ta ɗiga ƙasa ko ta taru a ƙarƙashin leda ba ta sanyaya komai. Sai wadda ta zama tururi. Idan tufafi suka hana wannan ƙafewa, zafin cikin jiki yakan yi ta hawa, a fara da ciwon kai da jiri da kasala. Idan ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa takan rikice, kuma rai yana cikin haɗari. Tun kafin a kai can, mutumin da zafi ya galabaitar shi ne ke tuɓe safar hannu, ya share fuska da hannu mai jini, ko ya soki kansa da allura. Don haka tufar ciki mai nauyi ba ƙarin kariya ba ce a bazarar Illela.

Auduga ko Foliyesta?

Zaren auduga yana son ruwa. A matsakaicin yanayi yakan riƙe danshi kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinsa, alhali foliyesta ba ta kai kashi 1 ba. Wannan bambanci shi ne tushen halayensu. Auduga tana shanye zufa ta riƙe ta, ta sake ta a hankali. Foliyestar da aka saƙa domin wasanni kuwa tana janye zufa ta tsakanin zaruruwa zuwa waje, ta bushe da sauri.

A bazara, lokacin da iska ta bushe ƙarau, siririyar singiletin auduga ta fi dacewa. Tana hana zufa kwarara a banza, tana shimfiɗa ta a faɗin jiki, busasshiyar iska kuma tana ƙafar da ita. A damina, musamman Yuli da Agusta, iska tana cike da danshi, auduga ba ta bushewa. Jiƙaƙƙiyar tufa tana jawo ƙurajen zufa da saɓar fata a hamata da ƙarƙashin nono, kuma fatar da ta saɓe ƙofa ce ga cuta. A wannan lokaci gaurayen auduga da foliyesta ya fi, ko kuma ma'aikaci ya zo da singileti biyu ya sauya da azahar.

Foliyesta tana da nata aibi. Wani bincike da Neely da Maley suka wallafa a 2000 a Amurka ya nuna cewa wasu bakteriya masu sa ƙurji sun rayu har kwana 56 a kan foliyesta, fiye da yadda suka daɗe a kan auduga. Tana kuma riƙe wari. Bugu da ƙari, idan wuta ta taɓa ta narkewa take yi ta manne wa fata, abin da ya kamata mai duba nama a mayanka, inda ake babbaka, ya kiyaye. Rigar ƙwallo mai sheƙi da ake samu a gwanjo ba lallai ne ta zama mai janye zufa ba, domin da yawansu saƙarsu a toshe take.

Batun ɗinki ma yana da muhimmanci. A 1980 wasu masu bincike sun auna zafin da ke isa jikin Larabawan ƙauye na hamada, suka tarar cewa baƙar riga da fara duk ɗaya ne, saboda yalwar rigar tana barin iska ta zagaya tsakaninta da fata. Hikimar da ke cikin suturar Buzaye da babbar rigar Bahaushe ke nan. Sai dai yalwar da ta yi yawa tana maƙalewa a ƙaho ko igiya. Daidaiton shi ne tufar ciki ta kwanta a jiki ba tare da matsewa ba, rigar aiki kuma ta ɗan yi sakwa-sakwa a kanta.

Hannun Riga

Ƙa'ida mafi muhimmanci ita ce kada tufar ciki ta leƙo daga ƙarƙashin rigar aiki. Duk abin da ya leƙo ya zama tufar waje, kuma zai taɓa dabba. A 2007 ma'aikatar lafiya ta Ingila ta kafa dokar cewa ma'aikatan asibiti su bar hannu a buɗe daga gwiwa zuwa yatsu yayin duba majiyyaci. Dalilin a bayyane yake: fata tana wankuwa da sabulu cikin minti guda, bakin hannun riga kuwa sai ranar wanki. Mai dogon hannu yakan taƙaita wanke hannunsa a tafi don gudun jiƙa riga.

A aikin dabbobi abin ya fi tsanani. Likitan da zai duba cikin saniya ta dubura, ko ya gyara kwanciyar ɗan maraƙi a mahaifa, yakan zura hannu har kafaɗa. Ana yin haka ne da doguwar safar leda, tare da rigar roba a gaba. Hannun 'yar ciki da aka naɗe sama yakan zame ƙasa a tsakiyar aiki, ya sha ruwan haihuwa, ya ci gaba da gogar fata har yamma. Wannan hukunci ya haɗa da agogo da zobe da awarwaro, da kuma kambu ko layar da aka ɗinke da fata aka ɗaura a dantse, domin fata tana shan ruwa kuma ba ta wankuwa. Wanda bai son rabuwa da su sai ya ajiye su a jaka har a tashi aiki.

Sanyin Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu matsalar takan juya. Da asuba sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 15, ga iska da ƙura, sai ma'aikaci ya sa suwaita mai dogon hannu a ƙarƙashin taguwarsa. Saƙar suwaita kuwa tarko ce ga gashin dabba da ƙura da ƙwayoyin makero, ba a wanke ta kullum, kuma ba ta jure ruwan zafi. Ɗumin tufa yana zuwa ne daga iskar da ta tsare, don haka siraran riguna biyu marasa dogon hannu, ko 'yar shara mai kauri marar hannu, suna ɗumama ƙirji ba tare da rufe dantse ba. Rigar sanyi sai a ɗora ta a sama, a tuɓe a rataye nesa kafin a taɓa dabba. Hunturu kuma yana tsattsaga fatar hannu, saboda haka shafa mai bayan wanke hannu da rufe kowane rauni da filasta marar shan ruwa suna cikin rigakafi.

Suturar Mata

Tsangayar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka buɗe a shekarun 1980, tana yaye mata tare da maza, kuma yawancinsu suna bukatar suturar da ta dace da addini da al'ada. Ana iya haɗa wannan bukata da ƙa'idar tsafta. A 2010 hukumomin lafiya na Ingila sun amince wa ma'aikatan da ba sa son buɗe dantse su riƙa amfani da hannun riga na leda mai roba a bakinsa, wanda ake sawa don majiyyaci ɗaya a jefar. A 2019 asibitin Royal Derby ya fara samar da hijabin tiyata na amfani sau ɗaya, bisa shawarar wata matashiyar likita, Farah Roslan.

Darasin da ke ciki ga ma'aikaciya a Illela shi ne ta ware ƙaramin hijabi na auduga domin aiki kaɗai, marar allura ko fil, ta cusa bakinsa cikin wuyan riga don kada ya reto kan dabba ko akuya ta kama shi da baki. Idan ta zaɓi 'yar ciki mai dogon hannu, to ta zama mai kama dantse, a rufe ta da doguwar safa yayin aiki mai jiƙawa, kuma a ɗauke ta a matsayin kayan aiki da ake tuɓewa tare da rigar. Mai juna biyu kuwa ya kamata ta nisanci karɓar haihuwa da taɓa ɓari, domin burusela da zazzaɓin Q da na Kwarin Rift duk suna da haɗari ga ciki.

Wando, Safa da Kaska

Kaskar da ke ɗauke da zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wadda masana ke kira Hyalomma, tana son busasshiyar ƙasa irin ta Sahel, kuma tana bin mutum da ƙafafunta ta hau daga ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ta kwantar. Cusa singileti cikin wando, da cusa ƙafar wando cikin safa ko takalmin ruwa, suna tilasta wa kaska ta yi tafiyarta a waje inda za a gan ta. Tufa mai haske ta fi baƙa wajen tona asirinta. Ana kuma feshe wando da safa da maganin ƙwari mai suna fametirin, amma ba a fesa shi a tufar da ke manne da fata kai tsaye, kuma guba ne ga kyanwa. Ba a murƙushe kaska da yatsa. Da hantsaki ake cire ta.

Wanki

Kyawun tufar ciki ba ya amfani idan ita ce ta jiya. Ya kamata ma'aikaci ya tanadi aƙalla uku, ya sauya kullum, ya kuma sauya nan take idan wani ruwa ya ratso ta. A tuɓe a wurin aiki, a ƙulle a leda, a yi wanka ko a wanke hannu har kafaɗa kafin a sa kayan gida. Kada a kakkaɓe busasshiyar rigar aiki, domin kakkaɓa tana tada ƙurar da ke ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa hanci.

Wanki da sabulu a ruwa mai zafin digiri 60 na tsawon minti 10 yana kawar da mafi yawan ƙwayoyin cuta. Inda babu injin wanki, ana iya tafasa ruwa a jiƙa kayan a bokiti na musamman, ba wanda ake wanke kayan yara da shi ba. Farar auduga tana da fifikon jure tafasa da bilic. Idan ƙarfin bilic ɗin kashi 3.5 ne, awo ɗaya cikin awo kusan 70 na ruwa ya isa, a jiƙa minti 30 bayan an wanke da sabulu. Shanya a rana da guga da dutse mai zafi suna ƙarasa aikin. Antaraks kuwa ya fita daga wannan lissafi, domin ɓawonsa yana jure wanki irin na gida. Tufar da ta taɓa jinin dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini yana fita ta hanci da dubura, ƙona ta ake yi, gawar kuma ba a feɗe ta. Hukumar dabbobi ake sanar wa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa tufar da ta dace a ƙarƙashin rigar aiki ita ce siririya, mai haske, marar dogon hannu, wadda ba ta leƙowa waje, mai jure ruwan zafi, kuma wadda ake sauyawa kullum. Auduga ce ta bazara, gauraye na damina, ninki biyu marasa hannu na hunturu. Kuɗin singileti uku bai kai na jinyar burusela ta mako shida ba. Wannan bayani bai tsaya kan likitoci ba, domin mahauta da dillalai da 'yan lodi da masu jima a Illela suna taɓa dabbobin da likita ke taɓawa, kuma da yawansu da rigar kara suke zama su ci tuwo da iyali. Ware tufar aiki daga ta gida, da tuɓe ta kafin a ɗauki yaro, mataki ne da kowannensu zai iya ɗauka daga ranar kasuwa mai zuwa.